Ƙarar da Ta Fi Ƙarfin Mai Ita

Malam Babaji bai taɓa kai mutum ƙara ba sai a daminar da ruwa ya shiga masa kanti.

Kantin a jikin gidansa yake, cikin wani lungu na Ƙofar Kwaya a birnin Katsina, inda ƙasa ta ɗan gangara. Sukari, fulawa, taliya, sabulu, man gyaɗa, duk dai abin da mace za ta aika a sayo ba sai an je kasuwa ba. Gidan da ke sama da nasa kuwa na haya ne, kuma wanda ke ciki a lokacin wani magini ne mai suna Sagir, wanda ya taso da matarsa Safara'u da 'ya'yansu daga wani ƙauye can yamma da gari, bayan 'yan bindiga sun kashe masa wa, sun hana su noma. Zaman lafiya suke yi. Sagir ne ma ya yaɓe wa Babaji katangar da ta tsage, ya ƙi karɓar lada, ya ce ai maƙwabci ɗan'uwa ne.

Ranar da abin ya faru, ruwa ya tsuge tun bayan azahar kamar da bakin ƙwarya. Kwalbatin bakin lungu ya toshe da leda da yashi, ruwa ya rasa hanya. Da ya fara kutsawa ɗakin Sagir, sai ya fito ya jera buhunan yashi da ɓaraguzan bulo a ƙofarsa. Ruwa kuwa ba ya shawara da kowa. Ya juya ya miƙe sai cikin kantin Babaji. Kafin ya farga, buhunan fulawa na ƙasa sun sha sun ƙoshi, kwalayen taliya suna yawo a tsakar kanti.

Babaji ya fito cikin ruwan ko hula babu, ya hau shurin buhunan yashin nan. Sagir ya leƙo, shebur ɗin da yake aiki da shi na hannunsa.

"Malam, dan Allah kada ka rushe, ɗiyana na ciki. Bari in buɗe ma ruwan hanya ta can."

"Ɗiyanka? Ni dukiyata fa? Kun zo kun cika mamu unguwa, ba wanda ya san abin da ya koro ku. Wa ya sani ma ko ku ne ke kai ma 'yan dajin labari!"

Maganar ta riga ta fita. Sagir ya tsaya kamar an watsa masa wuta, sannan ya sa hannu biyu ya ingije shi. Ƙotar shebur ta sami Babaji a saman gira, ya tafi da baya ya faɗa cikin kwata. Da aka ciro shi jini ya rufe masa ido ɗaya, wayarsa kuma babu ita a aljihun riga.

Mai unguwa Lado ya iso da lema, ya ce a bari ruwa ya tsaya a zauna a zaure. Babaji ya ce ba zaman da zai yi. Matarsa Halimatus Sa'adiyya, wadda kowa ke kira Sa'a, ta biyo shi har soro tana ba shi haƙuri, bai ko waiwaya ba. Ya tare Keke Napep, da jinin da taɓon, sai caji ofis.

Abin da ya faɗa a can bai fi abin da mai fushi ke faɗa ba. Ya ce an buge shi da shebur. Ya ce wayarsa na aljihu kafin a taɓa shi, yanzu babu. Ya ce wannan yaro so ya yi ya kashe shi. Sufeton da ke rubutu ya tambayi inda yaron ya fito, da Babaji ya ambaci sunan ƙauyen sai ya ga mutumin ya ɗago kai ya dube shi, ya gyara zama, ya ci gaba da rubutu da sauri. Abin da Babaji ke so a ransa bai wuce Sagir ya kwana ɗaya a bayan kanta ba, sauro ya cije shi, da safe a zo da manya a ba shi haƙuri, shi kuma ya ce ya yafe.

Safiya ta yi, ba a saki Sagir ba. Da ƙurar fushi ta lafa, Babaji ya koma tare da mai unguwa ya ce ya janye. Aka ce masa ai magana ta wuce nan, an miƙa ta sama. Suka bi ta saman, aka ce su tara a kotu.

A kotun majistare ne ya fara jin abin da ƙararsa ta zama. Aka shigo da Sagir cikin jerin wasu samari, da rigar da aka kama shi da ita. Magatakarda ya karanta da Turanci, tafinta ya juya. Fashi da makami. Yunƙurin kisan kai. Jikkata mutum da makami. Sata. Da aka zo kan fashi da makami Babaji ya waiga yana neman wanda ake nufi. Wani dattijo da ke kusa da shi ya raɗa masa cewa wannan, in ya tabbata, hukuncinsa rataya ne.

Babaji ya miƙe. "Ranka shi daɗe, ba haka aka yi ba. Ni ne mai ƙarar. Faɗa ne na maƙwabta…"

Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya juyo. "Zauna, Baba. Kai yanzu shaida ne. Ƙara ta gwamnati ce."

Majistare ya ce kotunsa ba ta da hurumin sauraron fashi da makami, ba ta kuma da ikon ba da beli a kansa. A kai wanda ake tuhuma gidan yari, a jira shawarar lauyoyin gwamnati. Ya buga guduma, aka kira ƙara ta gaba. Sagir bai dubi kowa ba har aka fita da shi.

Daga ranar zama ya gagari Babaji. Sai ya buɗe kanti, ya zauna kan benci, ya tashi ya gyara gwangwanin madarar da ba su karkace ba, ya fita bakin lungu, ya dawo. Mai saye ya ce sabulu, ya miƙa masa ashana. In ya ga Safara'u ta fito da yaranta, ta wuce kantinsa ta tafi na can bakin titi sayen gishiri, sai ya ji kamar an ɗora masa dutsen niƙa a ƙirji. Ta fara karɓar wankau da surfe a gidajen mutane. Sa'a ta aika mata da tuwo, kwanon ya dawo a rufe yadda ya tafi.

A masallaci ba wanda ya ce masa komai. Da ma faɗa aka yi masa da ya fi masa sauƙi. Sai dai in an idar da salla a gaisa da shi a tsaye, a tambayi gira ta warke, a wuce.

Da damina ta ja baya, matasan unguwa suka yi gayyar yashe kwalbati. Cikin baƙin taɓon da suke kwasowa aka ga wayar, ta kumbura, gilashinta ya yi fari. Mai unguwa ya kawo masa ita a tafin hannu. Babaji ya ƙulle ta a leda ya sa a aljihu, ya rufe kanti da rana tsaka.

Ya kai ta caji ofis, aka ce fayil ba ya hannunsu. Ya kai ta kotu, magatakarda ya ce ba a karɓar shaida a kan baranda. Ya gano ofishin lauyoyin gwamnati, aka ce mai kula da fayil ɗin ya tafi taro, ya dawo jibi. Jibi aka ce an yi masa canjin wurin aiki. Ya koyi hawa bene da sauka, ya koyi gaishe da masinja kamar hakimi. Ranar da aka sa za a koma kotu aka ce motar gidan yari ba ta da mai. Wata ranar alƙali na hutu. Aka girbe gero, aka girbe dawa, Sagir na ciki.

Wata safiya yana auna wa wata yarinya sukari, rediyon kanti na magana, sai ya ji wasu lauyoyi na yabon sabon tsarin da aka kawo don rage cunkoso a gidajen yari. Wai yanzu mai laifi zai iya amsa laifinsa a sassauta masa, ba sai an shekara ana jeka-ka-dawo ba. Aka ba da lamba a kira. Babaji ya ari wayar Sa'a ya yi ta dannawa, layi a cike, har shirin ya ƙare aka sa tallar taki.

Bai daɗe da jin wannan ba aka aiko masa ya je ofishin lauyoyin, ya nemi Barista Madina.

Matashiya ce, ba za ta girmi babbar 'yarsa ba, sanye da farin gilashi da baƙar abaya. Fayiloli sun cika teburinta, sun sauka ƙasa sun jingina da bango har kusan taga. Ta tashi ta ba shi kujera, ta gaishe shi da kyau, ta tambayi iyali da kasuwa da jiki.

"Baba, fayil ɗin nan bai daɗe da zuwa hannuna ba. Na karanta, na kuma yi magana da lauyan da ke tsaya ma marasa hali, shi ke kare Sagir. Mun samo mafita. Za mu janye fashi da makami, mu janye yunƙurin kisa. Shi kuma ya amsa jikkata ka da satar waya. In aka lissafa zaman da ya riga ya yi, abin da ya rage mashi 'yan watanni ne. Amma doka ta ce sai an ji ta bakin wanda aka yi ma laifi. In ka amince ka sa hannu, sai mu kai ma alƙalin babbar kotu."

Babaji ya zaro ledar ya kwance, ya ajiye wayar a kan fayil ɗin da ke gabanta.

"Ɗiyata, ga wayar da aka ce ya sata. Cikin kwata ta kwana tun ranar. Mai unguwa shaida ne, da duk samarin lungunmu."

Ta dubi wayar, ba ta taɓa ta ba. Ta cire gilashi ta murza idanu. Ta ce ya jira ta. Ta ɗauki fayil ɗin ta fita, ya ji ƙarar takalminta a bene. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa taga, ya ƙirga motocin da ke harabar ya manta adadin, ya koma ya zauna. Da ta dawo fuskarta ta gaya masa tun kafin ta buɗe baki.

"Na yi magana da oga. Ya ce sata ba za ta fita ba."

"Ga wayar fa!"

"Na gaya mashi. Cewa ya yi in muka je gaban alƙali da ture kawai, faɗan maƙwabta, wa zai amsa tambayar dalilin tsare mutum duk watannin nan kan fashi? Dole a bar wani abu da ya yi kama da abin da aka rubuta tun farko."

"To me ya sa aka rubuta shi tun farko?"

"Ba ni na rubuta ba, Baba, a haka ya zo mani. Amma ba zan ɓoye maka ba, haka ake yi. In aka rubuta ƙaramin laifi, ba mai amsawa, kowa sai ya ce a yi shari'a, mu kau ga mu nan, ka ga fayilolin. In mutum ya ga igiya na reto a kansa, da kansa zai nemi a daidaita."

"Wato kamar mu a kasuwa," in ji Babaji. "A faɗi kuɗin kaya da tsada don a taya."

"Ban ce daidai ba ne."

"In ban sa hannu ba fa?"

"Sai a yi shari'a a babbar kotu kan dukkan tuhumar. Ka zo da wayarka ka ba da shaida. Ina kyautata zaton za a sallame shi daga fashi. Sai dai ban san yaushe ba. Akwai waɗanda ke gabansa a layi tun kafin in fara aiki."

Babaji ya ɗaure ledarsa. Ya ce shi ya yi kuskure sau ɗaya da bakinsa, ba zai ƙara da hannunsa ba. Ba zai sa hannu a kira Musulmi ɓarawo alhali ya san bai ɗauki ko allura ba. Barista Madina ta ce ya je ya yi tunani, ƙofa a buɗe take, amma kada ya daɗe, don in aka sauya oga ba ta san abin da sabon zai ce ba.

A hanyar gida ya ji iska na shigarsa yadda ta daɗe ba ta yi ba. Ya ba Sa'a labari yana cin tuwo, ya ma nemi ƙari. Ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Kashegari da hantsi yana kanti sai ga Safara'u. Ba ta wuce ba wannan karon. Ta tsaya a bakin ƙofa da goyo, hannuwanta sun yi fari fat saboda sabulun wanki. Ta gaishe shi a taƙaice.

"Malam, lauya ya ce ka ƙi sa hannu."

"Ƙwarai. Ba zan bari a lanƙaya ma mijinki sata ba. Ga wayar nan an…"

"Na san an gano ta. Kowa ya sani." Ba ta ɗaga murya ba. "Ranar da ka kai shi, ba ka tambaye mu ba. Yau an buɗe mashi ƙofa ka rufe, nan ma ba ka tambaye mu ba. Kai kana kwana a ɗakinka, kana neman ranka ya yi maka sanyi. Shi fa? Ka je ka gan shi ko sau ɗaya?"

Bai je ba. Ya zaga ofisoshi kamar mai neman ɓatacciyar akuya, amma ƙofar gidan yari bai taɓa tunkararta ba, kuma ya san dalili.

"Mai gidan hayar ya ce mu tashi in shekara ta cika," ta ce. "Wannan na bayana bayan kamun na haife shi, bai san fuskar ubansa ba. Sunan ɓarawo dai ba ya hana numfashi."

Ta juya ta tafi. Babaji ya bi ta da ido har ta shige, sannan ya ga ashe ludayin awo na hannunsa tun ɗazu.

Ranar ziyara ya bi layi da mata masu ɗauke da kwanonin abinci. Aka caje shi, aka karɓi hularsa aka duba aka mayar. Da aka fito da Sagir sai da ya ɗan ɗauki lokaci kafin ya gane shi. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, ƙuraje sun feso masa a hannu yana ta susa. Suka tsaya da waya tsakaninsu, hayaniyar masu ziyara ta ko'ina.

Sagir ne ya fara gaisuwa. Ya tambayi gida, ya tambayi Inna Sa'a, ya tambayi girar. Babaji ya amsa yana kallon ƙasa. Da ya buɗe baki zai nemi gafara sai maganar ta cakuɗe, ya koma bayanin waya da kwalbati da abin da ya gaya wa Barista.

"An faɗa mani," in ji Sagir. "Na gode. Amma ka je ka sa hannu, Malam."

"Ka amsa abin da ba ka yi ba?"

"Ture dai na ture ka, wannan ko gaban Allah zan amsa. Sata ban yi ba, kai ka sani, ni na sani." Ya yi susa. "Ɗakin da nike, in za a juya kwanciya sai an yi shawara, kowa ya juya tare. Akwai wani dattijo, kan rikicin iyakar gona aka kawo shi, aka rubuta mashi irin nawa. Ya ce shi ba ya amsa ƙarya, sai an yi shari'a. Da na zo na iske shi ya shekara nawa ban sani ba. Watan jiya aka fitar da shi cikin bargo."

"In na tsaya gaban alƙali na rantse…"

"Yaushe? Ka san ranar?" Ya dube shi ido cikin ido, karo na farko tun ranar ruwan. "Da farko ni ma na ce ba ni amsawa. Na yi kuka da lauya ya kawo maganar. Ubana bai taɓa ɗaukar kan dawar wani ba. Amma ni ke ciki, Malam, ba kai ba. Bar mani in zaɓa."

Gandiroba ya buga ƙarfe, lokaci ya cika.

Babaji bai koma gida ba. Ya taka da ƙafa, ya bi ta bakin kasuwa, ya ratsa inda ba shi da abin yi, ya tsaya a wani masallaci ya yi azahar, ya fito ya ci gaba da tafiya har ƙafafunsa suka kai shi benen nan. Barista Madina na cin abinci a kan fayil. Ta ture kwanon gefe, ta zaro takardar. Ya ce ta karanta masa da Hausa, ta karanta, har wurin da aka ce wanda ake tuhuma ya ɗauke waya daga aljihun mai ƙara da niyyar raba shi da ita.

"Wannan ƙarya ce," ya ce.

"Na sani, Baba."

Ya karɓi biro ya sa hannu. Ta ce za ta roƙi alƙali ya sassauta iyakar abin da doka ta yarda, kuma ta cika alkawari.

A babbar kotu abin bai ɗauki lokacin shan shayi ba. Alƙali, wani dattijo mai sanyin murya, ya tambayi Sagir ko ya fahimci yarjejeniyar. Ya ce ya fahimta. Ko wani ya tilasta shi, ko ya tsorata shi, ko ya yi masa alkawarin da ba ya cikin takarda? Babaji, a benci na biyu, ledar nan na aljihunsa, ya dafe ta da hannu kamar za ta yi tsalle ta fito. Lauyan Sagir ya waiwayo ya girgiza wa Babaji kai a hankali.

"Ba wanda ya tilasta ni," in ji Sagir.

Aka karanta jikkatawa, ya ce ya amsa. Aka karanta sata.

"Na amsa."

Alƙali ya yaba wa ɓangarorin biyu da suka sauƙaƙa wa kotu aiki, ya yi wa Sagir nasiha a kan haƙƙin maƙwabci da guje wa dukiyar mutane, ya yanke hukunci. A waje Barista Madina ta zo wucewa rungume da fayiloli, ta rage tafiya kamar za ta ce wani abu, sai aka kira ta daga wata kotun, ta yi gaba da sauri.

Cikin bazara aka sako Sagir, ana zafin nan da ke sa kwalta ta yi laushi. Unguwa ta shiga yi masa barka. Babaji ma ya shiga, ya zauna a bakin tabarma, aka yi addu'a aka shafa. Kowa a lungun ya san gaskiyar magana, amma Katsina ba lungu ɗaya ba ce. Ɗan kwangilar da Sagir ke yi wa aiki a da ya ce yana so ya mayar da shi, sai dai wurin akwai siminti da rodi a ajiye, masu ginin kuma sun ji labari. Wani ya ɗauke shi aiki, da aka rasa guduma a wurin aiki sai duk aka juyo ana kallonsa. An gano gudumar, amma Sagir bai koma ba.

Babaji ya shiga zagayen abokansa 'yan kasuwa masu gini, yana rantse-rantse, yana ba da labarin tun daga farko ga duk wanda zai saurara. Wasu suka ce Allah ya kyauta. Wani Alhaji ya ce, "To Malam Babaji, in bai sata ba, me ya sa ya amsa gaban alƙali? Kai kuma me ya sa ka sa hannu?" Babaji ya buɗe baki, ya ga bayanin ya fi ƙarfin tsayuwar bakin shago.

Wata Asabar da safe ya ji ƙugin babur mai ɗaukar kaya a lungu. Ya leƙo ya ga ana fito da katifa da tukwane daga gidan Sagir. Kawun Safara'u ya samar musu ɗaki a Ƙofar Guga, kusa da wani mai buga bulo da ya ce zai gwada shi. Babaji ya bar kanti a buɗe ya tafi. Ya iske Sagir na kokawa da gado shi kaɗai a bakin ƙofa.

"Kama can, Malam," in ji Sagir.

Suka karkata shi, suka fitar, suka ɗora. Babaji na haki ya ce ai da sun zauna, zai yi magana da mai gidan, zai kuma ci gaba da nema masa aiki, ba a rasa ba.

Sagir ya ɗaure igiya ya ja ta da ƙarfi. "Na yafe maka tun ina ciki, wallahi. Ni ma ka yafe mani jinin da na fitar maka. Amma ba ni iya fitowa kullum da safe in gan ka. Kai ma na lura ba ka iyawa."

Safara'u ta fito da yaran, ta shiga ta yi sallama da Sa'a, suka ɗan jima a ciki. Da ta fito idanunta sun yi ja, ta hau gefen direba da goyonta, yaran suka haye kan katifa. Direba ya yi ta taka kik, babur ya ƙi tashi, kaya sun yi masa nauyi ga lungun da hawa. Sagir ya sa kafaɗa a baya, Babaji ya tattare riga ya sa tasa. Suka tura, suka tura, takalmin Babaji ɗaya ya fice, sai injin ya yi tari ya kama. Sagir ya bi shi da gudu ya ɗafe, ya ɗaga hannu ba tare da ya waiwayo sosai ba.

Babaji ya tsaya a tsakiyar lungu da takalmi ɗaya, hayaƙi na shiga masa hanci. Daga bakin kanti wata mata ta ɗaga murya tana tambaya ko akwai mai ba da gishiri.

"Ina zuwa," ya ce.

Ya koma ya ɗauki takalmin ya sa, ya tsaya yana duban kantin, sannan ya juya ya bi hanyar bakin titi, inda babur ɗin ya bi.